Gidan da ke zaune a kan randuna

Ɗiyata ta biyu ce ke karatun likita a Tbilisi, kuma shekara uku ke nan rabonta da gida. Uwarta ta tasa ni gaba da magana ɗaya safe da yamma: in je in gano da idona inda yarinyar ke kwana da abin da take ci, don ita ba ta yarda da hoton waya ba. Da na ga ruwa ma ba zan sha cikin kwanciyar hankali a gidana ba, sai na haɗa takardu, na bi jirgi ta Istanbul, na sauka Jojiya a tsakiyar watan Satumba. Ba Jojiyar Amurka ba, ko da yake har ranar tafiyata akwai dangin da ke ba ni saƙo zuwa Atlanta. Wannan 'yar ƙasa ce da ke maƙale tsakanin Rasha da Turkiyya, a gindin duwatsun Kaukasus, mutanenta ba su cika miliyan 4 ba.

Niyyata in ga makaranta, in ga masauki, in yi Juma'a a masallacin jan bulo na tsohon gari, inda 'yan Sunna da 'yan Shi'a ke sallah ƙarƙashin rufi ɗaya, sauran kwanakin in huta. Cikin kwana huɗu na gama duk wannan. Da yammacin Asabar yarinyar ta hau da ni tudun da ke kallon tsohon gari, inda aka kafa wani mutum-mutumin mace mai tsawon mita 20 tun 1958. Uwar Jojiya suke ce mata. Hannun dama takobi, hannun hagu kwano. Na tambayi abin da ke cikin kwanon.

"Giyar inabi ce, Abba. Takobin na maƙiyi ne, kwanon na baƙo."

"To ni da ba maƙiyi ba, kuma ba na shan abin da ke kwanon, ina za su ajiye ni, Uwata?"

Ta yi dariya ta ce mu zuba ido.

Matar da ta ba ta hayar ɗaki tsohuwar malamar lissafi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowa Bebiya yake ce mata, wato kaka. A harshensu akwai abin da ya ɗaure min kai kwana biyu: uba shi ne "mama", uwa kuma "deda". Duk sanda tsohuwar ta nuna ni ta ce "mama", sai in waiga in duba ko Hajiya ce ta biyo ni. Da ta ji cewa na yi shekara talatin da ɗaya a ma'aikatar ayyuka ina duba gine-gine, sai ta tafa hannu ta jawo waya. Ashe ɗanta yana ƙauye a yankin Kaheti, shekara ta huɗu ke nan yana fama da gyaran gidan kakanninsa, ga lokacin tsinkar inabi ya kawo kai. Kafin in shanye shayin da ke gabana an gama yanke shawara a kaina. Ranar Litinin ni da tsohuwa za mu tafi, yarinya ta biyo mu ƙarshen mako in an tashi daga aji.

Ƙaramar bas muka shiga, irin wadda suke kira marshrutka, ta bi da mu hanyar Gombori da ke hawa har mita 1,620 kafin ta fara gangara. Direban duk majami'ar da muka wuce sai ya saki sitiyari da hannun dama ya yi alamar gicciye a ƙirji, a kan kwana, mota na gudu. Ni ma nawa addu'o'in nake ta ja a zuci. Bayan kusan awa biyu daji ya buɗe, sai ga kwarin kogin Alazani shimfiɗe a ƙasa, gonakin inabi layi-layi iyakar ganin ido, a ƙarshensu kuma duwatsu sun tashi tsaye kamar ganuwa. Bayan waɗannan duwatsun Dagestan ce da Checheniya. Muka sauka Telavi, babban garin yankin, ɗan tsohuwa ya ɗauke mu a wata tsohuwar mota mai ƙamshin fetur da tumatir zuwa ƙauyensu.

Gidan bene ne mai hawa ɗaya. Ƙasansa an gina shi da duwatsun kogi masu sulɓi, a jera layi uku ko huɗu sannan a ratsa da layin jan bulo siriri mai faɗi, ya ɗaure ginin kamar ɗamara. Sama kuma baranda ce ta katako da ta mamaye gaban gidan gaba ɗaya, da sassaƙa a jikin dogaranta, rabi ta ruɓe, rabi an riga an sauya. A tsakar gida akwai rumfar inabi, da ɓaure, da rumman, da wata ƙatuwar bishiyar ƙwayar da suke kira nigozi, wadda in ka fasa ta sai ka ga kamar 'yar ƙwaƙwalwa. Gidan ya yi shekara goma sha wani abu a kulle bayan rasuwar kakan. Ba shi kaɗai ba ne. A layin nasu na ƙirga ƙofofi biyar da kwaɗo ya yi tsatsa a jikinsu. Matasa sun koma Tbilisi, mata da yawa suna Italiya da Girka suna jinyar tsofaffin wasu, su aiko da kuɗi.

Mai gidan ɗan shekara arba'in da 'yan kai ne, aikin kwamfuta yake yi a birni, yana jin Ingilishi. "Batono" yake ce min, kamar ka ce ranka ya daɗe. Na ɗauka zai fara nuna min inda zan ajiye jaka. Ina! Kai tsaye ya ja ni wani ɗaki mai duhu da sanyi a ƙasan benen, marani ke nan, ya kunna fitila. Ban ga komai ba sai daɓe da wasu bakunan ramuka guda shida, kowanne an rufe shi da faifan dutse. Ya ɗaga ɗaya ya haska. Randa ce, binne har wuya, mai siffar ƙwai, gindinta tsini, zurfinta ya fi tsayina. Kvevri suke kiranta, ni dai randa na ci gaba da ce mata. Babbar tana cin lita 1,500, 'yar autarsu 300. Ya ce kakan kakansa sai da ya binne randunan nan sannan ya ɗora gida a kansu, kuma shi ma da ya dawo, kafin ya taɓa rufi ko taga, su ya fara dubawa ko sun tsage.

Ba za ka kwana biyu a Jojiya ba a ba ka labarin shekara 8,000 ba, kuma a nan tsaye na sami nawa rabon. A 2017 masu binciken tarihi suka sanar da cewa sun gano burbushin giyar inabi a jikin fasassun tukwane a Gadachrili Gora da Shulaveris Gora, kudu da Tbilisi, waɗanda shekarunsu suka kai haka. A 2013 kuma UNESCO ta sa wannan hanya ta binne randa cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ya ce a zamanin Tarayyar Sobiyet masana'antun gwamnati yawa kawai suke nema, a manyan tankuna, sai gidaje irin wannan ne suka riƙe tsohuwar hanya a ƙasan benayensu. Da Rasha ta rufe kasuwarta ga giyar Jojiya daga 2006 zuwa 2013, dole ta sa masu sayarwa suka nemi wasu ƙasashe, a can kuma aka tarar abin da kakanni ke yi a rami shi ne mai tsada. Nasa dai ba na sayarwa ba ne. Na gida ne, na baƙi, na biki da na makoki.

Na ga in ban yi magana yanzu ba, gobe za ta yi nauyi. Na ce masa, "Ƙanena, ni Musulmi ne. Ba shan kaɗai aka hana mu ba. Matsewa, da dakonta, da zuba wa wani, duk suna ciki. Kada ka ga kamar na raina karamcinka."

Ya yi shiru, ya shafa ƙeya. Can ya ce, "To bango fa, batono? Addininka ya hana bango?"

Na ce bango halal ne.

Na san akwai malamin da zai ce ai bangon ma na ɗakin giya ne. Shi ya sa na zaɓi bangon arewa, na ɗakin da ake shirya wa tsohuwa.

Bangon nan shi ne ciwon gidan. Daga ciki yaɓe na kwaɓewa, ga warin laima, ga wani farin gishiri da ke fesowa daga ƙasa har zuwa ƙugu. Tun kafin a gaya min na san abin da ya faru, don na ga irinsa ba adadi. Da siminti ya wadata, kakan ya ga gidajen maƙwabta sun yi sumul, shi ma ya shafe bayan gidansa da shi. Ginin kuwa asalinsa da farar ƙasa aka ɗaure duwatsun, irin wadda ake samu in an ƙona dutse. Ita tana shan danshi ta kuma sake shi in rana ta fito. Siminti ya toshe mata hanya ta waje, danshin da ke tasowa daga ƙasa ya rasa mafita, ya juya ciki.

Akwai wani tsohon magini da ke zuwa kullum da ƙarfe bakwai, a kan keke, shekarunsa sun haura saba'in. Ostati suke ce masa, wato gwani. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Ingilishi, ni kuma Jojiyancina bai wuce gaisuwa da godiya ba. Ya miƙo min guduma, ya ƙwanƙwasa bangon a wuri biyu, ya kalle ni. Wuri na farko ya amsa da ƙarfi, na biyu ya yi ƙaran fanko kamar ka bugi ƙwarya. Na gyaɗa kai. Daga nan ba mu sake neman tafinta ba. Kwana biyu muna ɓamɓare siminti da guduma da kurfi. Wani wurin da ka taɓa sai falle guda ya faɗo, a bayansa tsohuwar farar ƙasa ta jiƙe tana marmashewa a hannu kamar dambu. Mu ƙwaƙule tsakanin duwatsu har mu tarar da mai ƙarfi, mu share, mu yayyafa ruwa.

Farar ƙasar da za mu cike da ita tun bazara take kwance a wani rami bayan gida, ƙarƙashin ruwa, ta yi laushi kamar kindirmo. Awo ɗaya nata, uku na yashin kogi. Ostati ba ya yarda a ƙara ruwa. Sai dai a yi ta bugun kwaɓin da shebur har ya yi laushi don kansa. A tura shi cikin tsagar da siririn cokalin gini, a danna, a bar fuskar dutsen a waje. In an gama yanki sai a rataya jiƙaƙƙun buhuna a kai, don kada rana ta busar da shi da wuri. Ita farar ƙasa ba kamawa take yi dare ɗaya irin siminti ba, iska take sha a hankali har ta koma dutse, abin da kan ɗauki makonni. Tana kuma cin hannu. Ranar farko na yi taurin kai na ƙi sa safar hannu, da dare yatsuna suka tsattsage kamar na mai wankin kanwa, Bebiya ta shafa min man zaitun tana faɗa da harshen da ban ji ba, amma na fahimci kowace kalma.

A kan tsanin nan ne abin ya dawo min. Gidanmu na gado a cikin birnin Zariya na tubali ne da azara, bayansa makuba. Duk 'yan shekaru, bayan damina, mahaifinmu kan kira magina su sake yaɓe, mu yara muna dakon ruwa. Da na fara ɗaukar albashi mai ɗan kauri, ni da takardar shaidar karatun gini a aljihu, na ce wannan wahala ta ƙare, na sa aka shafe gidan da siminti. Tsohon maginin gidanmu ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ɗan nan, ƙasa ba ta auren siminti." Na ba shi kuɗin goro na sallame shi. Damina uku aka yi simintin ya fara ɓallowa, yana tafiya da naman bangon. Ɗakuna biyu sai rushe su muka yi aka sa bulo, waɗanda yanzu ba mai iya kwana cikinsu a watan Afrilu. A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa tun ƙarni na 19 na yi wannan aika-aika. Sai ga ni da furfura, a wata ƙasa, ina ɓamɓare kuskuren wani da irin hannun da na yi nawa.

Abin da ya fara ba ni haushi da aikin gidan nan shi ne rashin gaggawa. Ni mutumin jadawali ne. Su kuwa da rana ta take sai a ajiye kaya, a ci burodi da cuku da tumatir da wake a 'yar tukunyar ƙasa, kowa ya nemi inuwa ƙarƙashin rumfar inabi ya miƙe har ƙarfe uku. Na tambayi mai gidan yaushe yake sa ran gamawa. Ya ce rufi ya ci shekara guda, don sai da aka sauke tsohon asbesto falle-falle ba tare da an fasa shi ba, saboda ƙurarsa na lalata huhu, sannan aka bi ƙauyuka ana sayen tsofaffin fale-falen yumɓu daga gidajen da suka rushe. Baranda ta ci shekara guda da rabi. Sauran kuma sai yadda albashi ya yi. Akwai rigimar da na tarar ana yi tsakaninsa da matarsa ta waya: ita tagogin roba take so, masu araha, masu tare sanyi, shi kuma ya dage sai an gyara tsofaffin na katako ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi in goya masa baya. Na ce a gaban gida ina tare da shi, amma ɗakin da yara za su kwana cikin hunturu a saurari uwarsu, kuma kafin a sake sassaƙa ko dogari ɗaya a shigo da banɗaki cikin gida, don tsohuwa ba za ta riƙa ratsa ƙanƙara da dare ba. Bai ji daɗi ba, amma Bebiya ta ƙara min ɓaure a faranti.

Da la'asar sakaliya mazan layin kan taru a wani benci ƙarƙashin bishiya kusa da famfon unguwa. Birja suke kiran wurin, majalisa ce sak irin tamu: ba a gayyata, ba a sallama, kowa ya san wurin zamansa, ana ɓarar 'ya'yan fure ana tofar da ɓawo, ana gyara gwamnati da baki. Wasan nardi suke yi a kan allo, da 'yan ƙwayoyin jefawa, suna buga 'ya'yan wasan da ƙarfi kamar masu faɗa. Kallo kawai na yi. A rana ta uku na tona gurabe talatin a ƙasa, shida-shida layi biyar, na ɗebo nigozi goma sha biyu da tsakuwa goma sha biyu, na koya musu dara. Wani tsohon direban tarakta ya gane ta cikin wasa biyu, a na huɗu ya cinye ni tas, majalisa ta ɗauki sowa. Muna cikin haka wani baƙin hadari ya taso daga duwatsu, sai na ji ƙara kamar ta igwa, ɗaya bayan ɗaya. Na miƙe tsaye, don na san ƙasar ta yi yaƙi da Rasha a 2008. Ba wanda ya motsa. Ashe rokoki ne ake harba wa gajimare don kada ya sauko da ƙanƙara. A Kaheti ƙanƙarar minti goma na iya kwashe wahalar shekara, ga inabi ya nuna saura kwana biyu a tsinka. Sai a lokacin na lura duk idanunsu na sama.

Ina kan bango, su kuma suna wankin randuna. Ƙanin mai gidan, siriri, shi ke sauka ciki da tsani, daga shi sai gajeren wando, yana dirzar cikin da wani burushi na ɓawon itace da aka ɗaure a sanda, a kwashe ruwan da ludayin duma mai doguwar mariƙa, a sake zubawa. Suka ce ba a gama wanki ba sai mai wankin ya yarda ya kurɓi ruwan ƙarshe. A nan aka gano ta biyar ta tsage. Mai gidan ya zauna a bakin ramin kamar an yi masa rasuwa. Washegari ya ɗauke ni zuwa Vardisubani, wani ƙauye kusa da Telavi da ya shahara da ginin randunan. Babu injin juyi. Maginin tukwanen kan ɗora zoben yumɓu ɗaya, ya bar shi ya sha iska kwana biyu, ya ɗora wani, har ta kai wuya bayan watanni. Sannan a gasa su kusan mako guda a wani ɗakin wuta na bulo, a shafe cikinsu da kakin zuma tun suna da ɗumi. Duk wanda ya taɓa ganin matan da ke gina randa a ƙauyukanmu zai gane hannun, girman ne kawai ya bambanta. Aka ce masa sai baɗi.

Ranar Juma'a shi da kansa ya ce in shirya. Muka wuce majami'ar Alaverdi, ginin ƙarni na 11 mai tsawon kusan mita 50 da ke tsaye shi kaɗai a fili, muka bi ta Ahmeta muka shiga kwarin Pankisi. Mutanen wurin Kist ake kiransu, Musulmi ne, jikokin Checheniyawan da suka ƙetaro duwatsu a ƙarni na 19. A ƙauyen Duisi, kafin azahar, na ji sauti daga tsohon masallaci ya tsayar da ni cak. Mata ne tsofaffi ke zikiri, suna zagaye suna tafi, La'ilaha illallahu na hawa yana sauka. Aka ce min yawancinsu 'yan Ƙadiriyya ne. Na tsaya a waje, jikina ya yi sanyi, kamar ina Kano ranar maukibi. Mai gidan ya jira ni a mota har aka idar da sallah, a hanyar dawowa kuma ya ratsa Karajala, ƙauyen Azarbaijanawa Musulmi, ya sayi naman rago saboda ni.

Asabar aka yi tsinka, rtveli a harshensu. Tun asuba motoci ke isowa daga Tbilisi, da 'yata a cikinsu, aka haɗu mutum ashirin da wani abu. Inabi iri biyu ne a gonar: rkatsiteli mai ruwan zuma, da saperavi baƙi ƙirin wanda har tsokarsa ja ce, yana rina hannu kamar lalle. A bakin marani akwai wani dogon kututture da aka fafe kamar kwalekwale. Nan ake juye inabin, samari su shiga su tattake, ruwan na bin 'yar kwata zuwa cikin randa. Daga baya a bi shi da ɓawon da 'ya'yan da wani ɓangare na karan. Wannan tarkacen "deda" suke ce masa, uwa, wai ruwan zai kwanta a jikin uwarsa. Ba a sa sukari, ba a sa yis, ba a ƙara ruwa. Abin da ke jikin ɓawon shi ke tayar da shi, ƙasar da ta rungume randar kuma ta hana shi yin zafi fiye da kima. Mako biyu zuwa uku za a yi ana danna tarkacen da sanda sau da yawa a rana, har cikin dare, sannan a rufe da dutse a liƙe da yumɓu, ba a sake buɗewa sai bazara.

Ni ina can ɓangaren mata. Bebiya ta sa an ware mata bokiti huɗu na ruwan tun bai yi awa ɗaya da matsewa ba. Ta cika min kofi ta ce wa yarinya ta fassara: "Na yau naka ne. Na jibi ba naka ba ne." Ban taɓa shan abu mai zaƙi da sanyin rai irinsa ba. Sauran ta ɗora a babbar tukunya ya yi ta tafasa har ya ƙone ya ragu, ta dama garin alkama ta zuba, aka ba ni muciya. Talge ne sak, sai dai ja ne, mai ƙamshi. An riga an shirya nigozi a zare da allura kamar carbi. A tsoma zaren cikin talgen, a ɗago, a rataya a gora. Churchhela ke nan, guzurin mayaƙansu na da. A gefe wata maƙwabciya ta sunkuya rabin jikinta cikin tanderun ƙasa tana manna dogon burodi a bangonsa. Na ce wa yarinya ta gaya mata a Kano ma haka ake gurasa. Matar ta ce to ai mu 'yan uwa ne, ta miƙo min ɗaya mai zafi.

Da dare aka shimfiɗa dogon tebur ƙarƙashin rumfa. Ban ce komai ba, amma tsohuwa ta riga ta yi lissafinta. Ta sa an kafa wani ƙaramin tebur a saman baranda, mu shida: ni, da 'yata, da yara uku, da wani dattijo da likita ya hana shi sha, wanda ya wuni yana hararar likitan a zuci. Namanmu an gasa shi daban a kan garwashin rassan inabi, kamar tsire ba ƙuli. A ƙasa akwai wanda suke kira tamada, shugaban tebur, ba mai kai kofi baki sai ya yi jawabi. Ya yi na zaman lafiya, ya yi na iyaye, ya yi na waɗanda suka rasu, kowa ya miƙe tsaye. Sai na ji ya ɗaga murya yana kallon sama. Yarinya ta raɗa min cewa da ni yake: baƙon da ya zo daga nesa, bai sha ko ɗigo ba, amma ya bar hannunsa a bangon gidan nan, Allah ya jiƙan uban da ya haife shi. Na ɗaga kofin ruwan inabina na ce amin. Daga baya maza uku suka fara waƙa, biyu na kai da komo a sama, sauran tebur na riƙe da murya ɗaya mai kauri a ƙasa, har na yi barci ban ji ƙarshenta ba.

Daren da zan tafi mai gidan ya zo da kyandir ya ce in zo in ji wani abu. Ya shiga marani yana riƙe da kyandirin ƙasa-ƙasa, don iskar da randunan ke fitarwa tana kwanciya a daɓe, in wuta ta mutu to mutum ma ya fita da sauri. Na tsaya a bakin ƙofa. Daga ƙarƙashin ƙasa wani sauti ke tasowa, kamar yayyafi a kan kwanon gidan maƙwabta. Da safe Ostati ya ɗaga buhu ɗaya, ya danna babban yatsansa a kan aikinmu na ranar farko, ya kama nawa yatsan ya danna. Ya fara tauri. Mun gama kashi biyu cikin uku na bangon, sauran sai ya sami wani leburan.

Da na iso gida Hajiya ta zazzage jaka tana tambayar abin da yarinya ke ci. Ta ci karo da churchhela guda goma da Bebiya ta naɗe min a ƙyalle, na bara, sun yi fari-fari da sukarin jikinsu.

"Alhaji, duk tafiyar nan kyandir ka kawo min?"

Na yanka mata ɗaya. Ta tauna, ta yi shiru, ta kwashe sauran ta kai ɗakinta.

Ranar Asabar na shiga cikin birni. Zauren gidanmu shi kaɗai ya rage na ƙasa, da simintina a bayansa. Na zaro mukullin mota na ƙwanƙwasa daidai ƙugu, ya amsa min da ƙaran ƙwarya. Ƙanena ya fito yana tambayar ko lafiya. Na ce ɗan tsohon maginin nan namu, yana nan kuwa?

"Yana nan, Yaya. Amma yanzu bulo yake bugawa wajen Ƙofar Doka."

Na ce ya nemo min lambarsa.